Ruwa a Tafin Hannun Bushra

"Yaya, zo ka ga aikin ɗanka."

Bushra ce ta yi maganar daga tsakar gida tana yarfe ɗan yatsa, fuska a yamutse, amma dariya na neman ƙwace mata. A kan cinyarta Babagana ne zaune, ɗan wata goma, yawu ya jiƙa masa gaban riga sharkaf, yana kallonta kamar ba shi ya aikata ba.

Mijinta Mahfuz ya fito daga ɗaki da jakar kayan aiki a kafaɗa. Gyaran injin ban-ruwa ne sana'arsa, wasu ranaku yana nan Nguru inda suke zaune, wasu yana Gashua wajen manoman shinkafa, garin da mahaifiyarsa take. Ya durƙusa ya leƙa bakin yaron.

"Ba komai a ciki fa, dasashi ne zalla. Ke dai raki gare ki."

"Raki ko? Miƙo naka yatsan mu gani."

Ya miƙa kuwa, don namiji ba ya son a ce ya tsorata. Babagana ya cafke ya datse, Mahfuz ya zare hannu ba shiri yana cewa, "Sori, sori, na janye maganata." Suka yi ta dariya har yaron ma ya taya su. Auren soyayya suka yi, kuma har yau in ya fita sai ya waiwayo daga bakin ƙofa ya ƙara kallonta.

Da ya tafi, Bushra ta shiga aikin da ya fi ba ta wahala a 'yan kwanakin nan, wato shayar da yaron ruwa. Tun da dasashinsa ya kumbura ya ɗaura gaba da kofi. Fida kuwa jifa yake da ita, cokali ya ture. Ga zafin bazarar Nguru, wanda ko babba in bai sha ruwa ba sai ya ji a jikinsa. Da ƙyar ta gano dabara. Sai ta wanke hannu tas, ta ɗebo ruwan randa mai sanyi da ta tafasa tun safe, ta zuba a tafin hannunta ta kai masa baki, sannan ta sunkuya ta raɗa masa a kunne, "Alamin, sha." Nan take zai kafa baki yana zuƙa yana lumshe ido.

Wannan raɗar sirrinsu ce su biyu, ko Mahfuz bai sani ba. Alamin sunan marigayi mahaifin Mahfuz ne, shi aka mayar wa yaron, shi ya sa kowa ke ce masa Babagana. Ita kuwa Bushra kunya biyu ce a kanta, ga sunan suruki, ga ɗan fari. A gaban mutane ko Babaganan ba ta faɗa, sai dai ta ce "yaron nan" tana kau da kai. Amma in ba kowa, takan kira sunan a hankali, don daɗinsa take ji a bakinta.

Ana haka Hajja Fanne, mahaifiyar Mahfuz, ta zo daga Gashua da tsarabar shinkafa da barkono da busasshen kifi. Kada a yi wa tsohuwar nan ƙarya, mutuniyar kirki ce, kuma jikan nan shi ne ranta. Tun daga zaure take kiran, "Ina Maigidana? Ko ya yi sabuwar amarya ya manta da ni?"

Matsalar daga ƙullin kifi ta faro. Hajja na kwance shi, warin ya bugi Bushra, ta ajiye yaron ta ruga bayan ɗaki tana kelaya amai. Da ta dawo ta ɗauke shi ta sa masa nono, sai ta ga Hajja ta kafe ta da ido.

"Ke 'yar nan, wata nawa ne?"

Bushra ta sunkuyar da kai. Ita kanta ba ta daɗe da fara zargin hakan ba, ko mijinta ba ta gaya wa ba tukuna. Ba ta ankara ba sai ji ta yi Hajja ta zare yaron daga ƙirjinta.

"Innalillahi. Da ciki kike ba shi nono? Shi ya sa yake wannan zubar da yawun. Haɗa masa kaya, yau zan tafi da shi. Yaye ya kama."

Daidai nan Mahfuz ya shigo, ya ji abu biyu a lokaci guda, albishir da tashin hankali. Ya durƙusa gefe ya ce, "Hajja, wata goma ne fa kawai. A asibiti sun ce—"

"Asibitin ne suka raine ka? Nonon mai ciki guba ne. Ni na san abin da idona ya gani."

Idonta ya kaɗa ya yi ja, abin da Mahfuz bai saba gani ba. Ita kaɗai ta raine shi tun rasuwar mahaifinsa, da kuɗin surfe da sayar da ƙosai, bai taɓa iya musu da ita ba.

Bushra ta haɗa kayan tana haɗiye kuka. A bakin ƙofa, bayan Hajja ta goya yaron, ta yi ƙarfin hali ta matso.

"Hajja, dama ruwa ne... ba ya sha a kofi, sai an—"

"Ikon Allah. Ɗan fari ne fa. A gabana za ki tsaya kina lissafa mini cinsa da shansa? Mu a zamaninmu ko kallon ɗan fari ba ma yi a gaban manya. Kuma kar in ga ƙafarki a Gashua sai ya manta da nono, in ya gan ki aikin baya zai koma."

Bushra ta ja da baya. Tana tsaye tana kallo Babagana ya juyo daga bayan kakarsa yana miƙo mata hannu, ita kuwa ko ɗaga nata ba ta isa ta yi ba.

Kwanakin da suka biyo baya Bushra ba ta taɓa ganin irinsu ba. Nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, riga ba ta daɗewa sai ta jiƙe. In ɗan maƙwabta ya yi kuka sai ta zabura ta nufi ɗaki, ta tarar da katifa wayam. Ta kira mahaifiyarta tana kuka, Inna ta ce, "Haƙuri za ki yi. Ɗan fari na kakanni ne, haka aka yi mana. Kar ki ja mana abin faɗa a gidan surukai." Ta kira Hajja ta gaishe ta, ta tambayi ƙafa, ta tambayi zafi, ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, amma wanda ta kira dominsa ba ta da bakin tambaya. Sai Hajja ce don kanta ta ce, "Mutumin yana nan, ɗan zawo yake da zazzaɓi, haƙori ne." Ta cikin wayar Bushra ta jiyo kukansa, siriri, ba irin wanda yake cika gida da shi ba.

Ta roƙi Mahfuz ya gaya wa Hajja dabarar tafin hannu. Ya kira ya faɗa, Hajja ta ce, "Yaron da ke zawo za a ɗirka wa ruwa? Ai ƙara masa zai yi. Na ma rage, kunu nake yi masa ɗura." Ya ajiye wayar ya kasa haɗa ido da matarsa. Tun daga nan hira ta mutu a gidan. Ta ajiye masa abinci, ya ci ko ya bari, babu mai waiwayowa daga bakin ƙofa kuma.

Ran nan ya dawo daga aikin Gashua da hantsi, fuskarsa ba yadda ya tafi da ita ba, amma yana ta ƙoƙarin murmushi.

"Na biya na gan shi. Da sauƙi fa. Ga shi ma na ɗauko miki bidiyo don hankalinki ya kwanta."

Ta karɓi wayar da hannu biyu. Babagana ne kwance a tabarma, an shafa masa wani baƙin haɗi a tsakiyar ka. Idanunsa sun zurma, leɓɓansa sun bushe. Ya buɗe baki yana kuka, ta matso da wayar daf da fuskarta, ta maimaita, ta sake maimaitawa.

"Yaya, yana kuka babu hawaye."

"Gajiya ce. Hajja ta ce maɗigarsa ce ta faɗa, shi ne ta sa magani. Anjima da la'asar wanzami zai zo ya tsaga masa dasashi, in haƙorin ya fito shi ke nan."

"Ya yi fitsari yau?"

Mahfuz bai tambaya ba, bai ma san ana tambaya ba. Bushra ta zame daga kujera ta durƙusa a gabansa, hawaye na zuba.

"A wajen awo an gaya mana, in yaro ya yi haka ruwan jikinsa ne ya ƙare. Filis, Yaya, ka kai ni."

"Hajja ta ce kar ki je. Ita ta raine ni, ga ni ban mutu ba. So kike in zaɓa tsakaninki da uwata?"

"Ba ni ce a kwance ba, Yaya." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ban taɓa fita ba da izininka ba, yau ma ba zan fita ba. In ka ce in zauna zan zauna. Amma duk abin da ya faru, kai da bakinka za ka zo ka gaya mini, kar ka aiko kowa."

Ya daɗe zaune, kai a tsakanin gwiwoyi. Tsoron ɓacin ran Hajja yake ji, irin tsoron da ya girma da shi, amma yau wani tsoron ya fi shi. Ya ɗauki wayar ya sake kallon bidiyon shi kaɗai, sannan ya miƙe.

"Ɗauko hijabinki."

Suka shiga motar Gashua. Bushra ta jingina kai da gilashi tana kallon fadama, ruwa shimfiɗe dama da hagu, masunta a kwalekwale, shanu sun kafa kai suna sha. Ruwa ko'ina, ɗanta kuwa yana can da busasshen baki. Mahfuz ya lalubo hannunta ta ƙarƙashin hijabi ya riƙe, ba ta janye ba.

Sun tarar wanzami ya riga su isowa, ya buɗe zabirarsa a inuwar dalbejiya. Tsofaffi biyu maƙwabta na zaune a tabarma. Hajja ta miƙe ƙafa da yaron a kai, idanunta sun kumbura don rashin barci, ita ma ta rame. Tana ganinsu ta haɗe fuska.

"Wa ya ce ka kawo ta?"

Mahfuz ya durƙusa. "Ni na kawo ta, Hajja. Laifina ne."

Bushra ta durƙusa ta yi gaisuwa cikakkiya kamar yadda aka koya mata, sannan ta tashi ta wanke hannu, ta ɗebo ruwa a randa. Ta rarrafa har gaban Hajja, ta zuba a tafin hannu ta kai bakin yaron. Bai motsa ba. Ruwan ya bi ta tsakanin yatsunta ya zube a zanin Hajja. Ta sake zubawa, ta sunkuya ta yi raɗar nan tasu a kunnensa, ko gezau. Idonsa rabi a buɗe, amma ba ita yake kallo ba.

Nan Bushra ta manta da tsofaffi, ta manta da wanzami, ta manta da duk abin da Inna ta ce.

"Alamin!" ta kira da ƙarfi. "Alamin, ni ce. Sha."

Ɗaya tsohuwar ta rufe baki tana salati, don sunan marigayi maigidan nan ne, kuma daga bakin suruka, a gaban matarsa. Amma yaron ya motsa kai. Ya buɗe ido a hankali, leɓɓansa suka taɓa ruwan, ya zuƙa kaɗan, ya sake zuƙa, ya ɗora ɗan hannunsa a kan yatsanta.

"Hajja, ki yafe mini," Bushra ta ce ba ta ɗago ba. "Duk hukuncin da kika ga dama ki yi mini, na karɓa. Amma ki bari sai mun dawo daga asibiti."

Hajja ta daɗe tana kallon bakin yaron yana motsi a tafin hannun uwarsa. Kwana da kwanaki tana fama da shi da kofi da ludayi bai karɓa ba. Ta juya wajen wanzami.

"Sarkin aska, tattara kayanka. Mahfuz, nemo mana Keke Napep."

A asibiti wata nas suka samu, Sista Perpetua, wadda ta daɗe a Gashua har Hausa ta zauna a bakinta. Kallo ɗaya ta yi wa yaron ta karɓe shi da sauri. An sha wahala kafin a samu jijiya, a hannu babu, a ƙafa babu, sai a gefen ka aka sa masa ƙarin ruwa. Su uku suna tsaye jikin bango ba abin da za su iya sai addu'a. Mahfuz, mai gyara injin da ke shayar da gonaki, ya juya wa mutane baya yana share ido.

Sai da ruwan ya fara shiga sannan Sista ta juyo, kuma ba ta rage musu komai ba.

"Kullum haƙori, haƙori. Haƙori yana sa ƙaiƙayi da yawu, ba ya sa irin wannan zawo. Lokacin ne yaro ke kai komai baki, datti ya shiga ciki. Mai zawo ruwa yake nema, da ruwan gishiri da sukari, ba a rage masa. Da kun ƙara jinkiri da yanzu wani zancen ake. Maman yaro, in ya farka ki ba shi nono."

"Ciki gare ta," Hajja ta faɗa da sauri.

"To sai me, Mama? Ta ci abinci sosai, ta zo awo. Nonon mai ciki ba guba ba ne, bai taɓa kashe yaro ba."

Hajja ta dafa bango, ta zame ta zauna a ƙasa. "'Yar nan, sake faɗa."

Sista ta sake faɗa, a hankali wannan karon. Sai ga Hajja Fanne, wadda ɗanta bai taɓa ganin hawayenta ba ko ranar rasuwar mahaifinsa, tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Kafin kai na haifi wani," ta ce wa Mahfuz. "Ka sani, amma ba ka san yadda ya tafi ba. Yana haƙori na samu cikinka. Ya kama zawo, aka hana shi ruwa, ina gani yana lasar leɓe, ba ni da bakin magana don ɗan fari ne. Da ya rasu suka ce nonona ne ya kashe shi. Na yarda. Tun ran nan nake ɗauke da abin nan, shi ya sa da na ga 'yar nan tana ba wa Maigidana nono na ji kamar ana yanka ni." Ta ja numfashi. "Har aka binne shi ban taɓa kiran sunansa ba, ko sau ɗaya."

Bushra ta durƙusa kusa da ita ta riƙe mata hannu, su biyun suna kuka. Duk haushin da ta kwana da shi a Nguru ta neme shi ta rasa, sai tausayi.

Allah ya yi da sauran kwana. Babagana ya farka ya kama nono, washegari ya jiƙa zanin kakarsa da fitsari, Hajja ta yi ta hamdala kamar an yi mata kyautar turare. Kafin a sallame su Mahfuz ya sake miƙa yatsa don gwaji, ya zare da sauri, ga fararen haƙora biyu sun huda da kansu, ba aska ba jini. Ya matso kusa da matarsa ya ce, "Ki yafe mini, Bushra. Na bar ki ke kaɗai." Ta ce, "Ai ka kawo ni, Yaya."

Kunya ado ce, biyayya ga iyaye wajibi ce, kuma Bushra ba ta zubar da ko ɗaya ba. Ta yi haƙuri, ta nemi izini, ta durƙusa ta yi gaisuwa. Amma kunyar da za ta rufe bakin uwa alhali ɗanta na ƙishirwa ta tashi daga tarbiyya ta zama cuta. Matasa su faɗi gaskiya cikin ladabi, manya su ba su kunne, maza kuma su sani tsayawa wa lafiyar ɗa ba saɓa wa uwa ba ne.

Ranar da za su koma Nguru, Hajja ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta zauna ta ɗora jikanta a cinya.

"Zo ki koya mini abin nan, Bushra."

Bushra ta tallafi hannun tsohuwar daga ƙasa, ta lanƙwasa mata yatsu, ta zuba tafasasshen ruwa mai sanyi. Yaron ya kalli hannun ya kau da kai.

"Sai an kira sunan, Hajja," ta faɗa a kunyace.

"To kira mana. Ɗanki ne. Daga yau a gidan nan ki kira shi da ƙarfi."

Bushra ta kira, yaron ya kafa baki a tafin hannun kakarsa yana zuƙa. Hajja ta zuba masa ido, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba don kar ruwan ya zube.

"Nawa ɗan farin da na rasa, Kalli ne sunansa," ta ce a hankali, sannan ta kira shi. "Kalli."